Hukuncin da aka yanke ba a ji ta bakinsu ba: abin da ya rage wa wata ƙungiyar ƙwallon ƙauye bayan shekara uku

A wani ƙauye da ke ƙasar Ringim a jihar Jigawa akwai ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ta shekara uku ba ta shiga gasa ba. 'Yan wasa suna nan, fili yana nan, hukunci ne ya zaunar da ita. Na sakaya sunan garin da na ƙungiyar da na kwamitin da ya yanke hukuncin, domin maganar ba ta mutu ba tukuna, kuma yawancin waɗanda ta shafa samari ne da za su ci gaba da haɗuwa a kasuwa da wajen biki.

Gasar ta ƙauyukan yankin ce, ana buga ta da rani bayan an gama kai amfanin gona gida. Kwamitin shirya gasar shi ke karɓar kuɗin rajista, shi ke ba kowane ɗan wasa kati mai hoto, kuma wadda ta ɗauki kofi ita ake tura sunanta gaba. A shekarar da abin ya faru ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta ci 2 da 1. Ɗan gabanta, yaro mai shekara 19, shi ya ci duka biyun. Bayan kwana huɗu waɗanda aka doke suka kai ƙorafi cewa yaron ɗan haya ne, sunansa yana cikin rajistar wata ƙungiya ta wani gari da aka fitar tun zagayen farko. Kwamiti ya zauna, ya buɗe littafi, ya ga suna ɗaya da sunan uba ɗaya a shafi biyu. Nan take ya ba masu ƙorafi wasan 3 da nema, ya dakatar da ƙungiyar shekara biyu, ya haramta wa yaron da kocinsa shiga gasar har sai abin da hali ya yi. Ba a kira yaron ba, ba a kira koci ba, ba a kira sakataren ƙungiya ba. A zauren WhatsApp na gasar suka ji hukuncin, cikin saƙon murya.

Abin da ya biyo baya shi ya dagula lamarin. Ranar wasan ƙarshe samarin garin suka cika motoci suka tafi filin, aka yi jifa, aka tsinka raga, mataimakin alƙalin wasa ya samu rauni a goshi, sai washegari aka ƙarasa wasan. Kwamiti ya sake zama ya ƙara wa ƙungiyar shekara uku. Jimilla biyar. Sun cinye uku, saura biyu.

Bana aka canza shugabannin kwamiti. Sabon sakatare yana gyara akwatin takardu ya ci karo da katunan waccan shekarar, ya ga katin da aka yi hukunci a kansa da ɗan'uwansa: hotuna biyu, fuskoki biyu. Takwarori ne, sunan iyayensu ma ya zo ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ɗaya yaron yana nan a garinsu, ya ce a shirye yake ya zo ya tsaya. A cikin akwatin kuma akwai takardar ƙorafin da kwanan wata a jikinta, alhali dokar gasar, wadda aka raba wa kowace ƙungiya, awa 24 ta bayar a kai ƙorafi, kwana bakwai kuma a ɗaukaka ƙara.

Da labari ya iso gari sai kai ya rabu. Samari suka ce kotu, a dawo musu da kofi a biya su diyya. Wani malamin makaranta mai bin labarin ƙwallon Turai ya ce a rubuta wa kotun wasanni ta duniya. Uban ƙungiya, dattijon da ya saba saya musu riguna, ya ce a je gaban hakimi a roƙi afuwa. Wani lauya ɗan garin da ke aiki a Dutse shi aka kira ya raba gardama, kuma yawancin abin da ke ƙasa bin sawun tambayoyinsa ne.

Hukunci biyu ne, ba ɗaya ba

Abu na farko da lauyan ya yi shi ne raba hukuncin gida biyu, kuma a ganina nan ne gaba ɗaya shari'ar take. Mutanen gari sun saba cewa "an zalunce mu shekara biyar". Ba haka ba ne. Shekara biyun farko an gina su a kan abin da bai faru ba. Ukun baya an gina su a kan abin da ya faru a gaban ɗaruruwan mutane.

A dokar ƙwallo ƙungiya ita ke ɗaukar laifin magoya bayanta ko da shugabanninta ba su aike su ba, ko da sun yi ƙoƙarin hana su. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. A watan Afrilun 2022, bayan rikicin wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, an cire wa Pillars maki uku, an ci ta tarar naira miliyan 9, aka ɗauke wasanninta daga Kano. A ƙarshen kakar ƙungiyar da ta ɗauki gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014 ta faɗi zuwa rukuni na ƙasa. Babu wanda ya tambaya ko shugabannin kulob ne suka riƙa jifa. Saboda haka duk takardar da ƙungiyar ƙauyen za ta rubuta tana musun hukuncin jifa, ta ba wa kwamiti hanyar da zai yi watsi da ita ɗungurungum. Zafin zaluncin farko yana bayyana dalilin fushin samari, amma ba ya goge raunin da ke goshin mutumin da ya zo riƙe tuta.

To amma idan hukuncin farko ya rushe, lissafi ya canza. Shekara ukun da suka zauna sun yi daidai da hukuncin jifa cif. Ba su da sauran bashi. Wannan hujja ce da ba ta buƙatar kowa ya ji tausayinsu.

Ko da zargin gaskiya ne, hukuncin farko ya wuce kima. Abin da aka saba yi wa ƙungiyar da ta sa ɗan wasan da bai cancanta ba shi ne a ƙwace wasan a ci ta tara. A watan Nuwamban 2017 Najeriya ta sa Shehu Abdullahi a wasanta da Aljeriya alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka hana shi bugawa. FIFA ta ba Aljeriya wasan 3 da nema ta ci Najeriya tara, iyakar abin ke nan, kuma Najeriya ta je gasar kofin duniya ta 2018. Haramcin rai da rai an tanade shi ne don irin abin da ya faru a Bauchi a watan Yulin 2013, inda Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema, a wasannin neman hawa rukuni. A can aka dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, 'yan wasa da jami'ai kuma har abada. Yaron ƙauyen nan an sa shi a sahu ɗaya da waɗancan saboda sunansa ya yi kama da na wani.

Kotu

Samari ba su yi wauta ba da suka ambaci kotu. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, kuma kotunan Najeriya sun daɗe suna ɗora wannan ƙa'ida a kan kwamitocin ladabtarwa, ba kotuna kaɗai ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar da Jami'ar Maiduguri ta yi wa wasu ɗalibai bayan tarzomar da aka yi a makarantar, saboda ba a ba su cikakkiyar damar kare kansu ba. Dokar FIFA da ta hana kai rikicin ƙwallo kotun gwamnati ba ta isa ta ƙwace wa alƙalin babbar kotun jiha huruminsa ba. Idan ka shigar da ƙara za a karɓa.

Matsalar tana a abin da ke faruwa bayan an karɓa. Ƙwallo tana da bulalarta da ba ta jiran alƙali. A ranar 9 ga Yulin 2014 FIFA ta dakatar da Najeriya baki ɗaya bayan wata kotu a Jos ta ba da umarnin da ya kawar da shugabancin Aminu Maigari a hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, kuma ba a ɗage dakatarwar ba sai da aka janye ƙarar. A 2016 aka kori Giwa FC daga babbar gasar Najeriya saboda ƙin halartar wasanni uku. An samu umarnin kotu na a mayar da ita, kakar kuma ta ƙare ba ta dawo ba. A Suwizalan ƙungiyar Sion ta bi ta kotunan gwamnati a 2011, ta ƙare da cire mata maki 36. Ƙungiyar da burinta shi ne wata rana ta hau gasar jiha, daga nan ta nemi Nationwide League, wato rukuni na uku na ƙwallon Najeriya, idan ta fara da sammaci ta rufe wa kanta ƙofar da take neman shiga.

Shi ya sa lauyan ya tambaya tun farko: kwamitin nan yana ƙarƙashin hukumar ƙwallon jiha da gaske, ko kuwa gasa ce irin ta kofin ciyaman da 'yan siyasa ke shiryawa? Idan ta biyu ce, dokar hana zuwa kotu ba ta kama su kai tsaye, amma kuma babu wani kwamiti a sama da za su kai kuka. An duba, an samu takardar da ta nuna gasar tana da rajista da hukuma. Wannan ya sa musu takunkumi ta wani ɓangare, ya buɗe musu tsani ta ɗaya ɓangaren.

Akwai kuma abin da samari ba su taɓa tunani ba: wa zai yi ƙarar? Ƙungiyar ba ta da rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. A idon doka ba mutum ba ce, ba za ta yi ƙara da sunanta ba, sai dai wasu mutane su tsaya da sunayensu a madadin sauran, su ɗauki kuɗin shari'a a wuyansu idan an faɗi. Diyya kuma sai an nuna asara da lissafi. Kuɗin kofi an san adadinsa, amma kafin a kai gare shi akwai wasan ƙarshe da ba wanda zai rantse cewa za su ci. Ƙarar ɓata suna ta fi dacewa da yaron shi kaɗai, amma 'yan kwamiti za su ce sun yi aiki da abin da ke cikin littafi ba da mugun nufi ba, kuma shekarun da za a kwashe ana ɗage zama su ne shekarun da ƙafarsa ke da ƙarfi.

Maganar kotun duniya ba ta ɗauki lokaci ba. Kotun sauraron ƙararrakin wasanni, CAS, tana birnin Lausanne na Suwizalan tun 1984. Ba ta sauraron wanda bai gama bin matakan cikin gida ba, kuma kwana 21 take bayarwa daga ranar da hukuncin ƙarshe ya iso hannunka. Kuɗin buɗe fayil kawai faran 1,000 ne na Suwizalan, ban da ladan alƙalai da na lauya. Gaskiya ne tana rage hukunci: a 2020 ta ɗage wa Manchester City haramcin shekara biyu na gasar Turai, a 2021 ta mayar da haramcin rai da rai da FIFA ta yi wa Samson Siasia zuwa shekara biyar. Amma su duka sun shigar da ƙara cikin wa'adi, kuma Siasia, tsohon kocin Super Eagles, sai da ya fito yana neman taimakon kuɗi kafin a saurare shi.

Kofin fa?

Wannan ita ce tambayar da kyaftin ya yi a zaman da aka yi a ƙofar gidan uban ƙungiya. "Barista, duk mun ji. To kofin fa?" Lauyan ya ce masa, "Ƙanena, kofin ba zai dawo ba. Ku zaɓa tsakanin shi da abokinku."

Ina ganin gaskiya ya faɗa, kuma ba don ƙungiyar ƙarama ce ba. A 2006 aka ƙwace wa Juventus kofunan gasar Italiya biyu, na 2005 da na 2006, aka jefa ta rukuni na biyu, aka ba Inter Milan na 2006. Daga baya wasu muryoyin waya da aka naɗa suka fito, kuma a 2011 mai gabatar da ƙara na hukumar ƙwallon Italiya ya ce akwai abin tuhuma a kan Inter ita ma, amma wa'adin tuhuma ya wuce. Juventus ta nemi a karɓe kofin, ta nemi diyyar fiye da Yuro miliyan 400. Ta zaga kotunan wasanni da na gwamnati, mafi yawansu suna cewa ba huruminsu ba ne, har ta haƙura ta janye a 2023. Kulob mai manyan lauyoyi ya kwashe shekaru fiye da goma bai dawo da kofi ɗaya ba. Gasar da aka rufe, aka raba kyauta, wasu suka hau gaba da sakamakonta, tsarin ƙwallo ba ya son buɗe ta, domin a nan ma waɗanda suka ɗauki kofin a wasan ƙarshe wata ƙungiya ce ta uku da ba ta yi wa kowa laifi ba.

Abin da bai rufe ba shi ne hukuncin da ke ci gaba da aiki a yau: shekara biyun da suka rage, da haramcin yaron da kocinsa wanda ba shi da ranar ƙarewa.

Ƙofar da ta rage ita ce neman a sake duba hukunci saboda sabuwar hujja. Ba ɗaukaka ƙara ba ce, wannan kwana bakwai ɗinta sun wuce tuntuni. Dokar ladabtarwa ta FIFA, bugun 2019, wadda hukumomin ƙasashe ke kwaikwayo, ta yarda da sake dubawa idan aka gano hujjar da za ta canza sakamako, wadda kuma ba a iya kawo ta da wuri ba ko da an yi iya ƙoƙari. Ta ba da kwana goma daga ranar ganowa, da shekara ɗaya daga ranar da hukunci ya tabbata.

A nan ƙungiyar ba ta tsaya da ƙafa biyu ba, kuma bai kamata a ɓoye musu ba. Shekara uku ta fi ɗaya. Mai tsauri zai ce: duk garinku sun san yaron naku ne tun ranar, me ya hana ku rubuta takarda maimakon ku ɗebi duwatsu? Amsar da suke da ita ba ta banza ba ce. Ba a taɓa ba su hukunci a rubuce ba, ba a gaya musu dalili ba, ba a gaya musu inda za su kai kuka ba, katunan da ke warware maganar kuma suna kulle a akwatin wanda ya yi hukuncin. Wa'adi yana fara ƙirguwa ne daga sanarwa, kuma akwai abin faɗa a kan ko saƙon murya a zauren mutum hamsin sanarwa ce. Amma sun ji saƙon, sun kuma yi aiki da shi, kowa ya gani. Ni a ganina hujjar rashin sauraro ta fi ta wa'adi ƙarfi. Dokar gasar mai shafi biyu ba ta ce komai a kan sake dubawa ba, ba ta halatta ba ba ta hana ba, kuma kwamitin da ya yi haramci "har sai abin da hali ya yi" shi da bakinsa ya bar wa kansa ikon ɗagewa.

Shawarar uban ƙungiya tana da amfani amma da sharaɗi. Hakimi ba shi da ikon soke hukuncin ƙwallo, kuma idan aka bi ta hannun kansila ko ciyaman a matsa wa kwamiti, hukuma tana iya kiran wannan katsalandan. Abin da fada za ta iya shi ne ta zaunar da garuruwan biyu, ta sa a je a ba mataimakin alƙalin wasan haƙuri a biya shi kuɗin magani, abin da ya kamata a yi tun shekara uku da suka wuce. Inda na rabu da dattijon shi ne kalmar afuwa. A nemi afuwa a kan jifa, wannan daidai ne. Amma idan aka haɗa yaron cikin roƙon, an amsa masa laifin da bai yi ba. Yanzu shekararsa 22, yana zuwa cirani Kano, kuma duk kocin da ya tambayi labarinsa a yankin abin da yake fara ji shi ne ɗan haya. Yafiya za ta mayar da shi fili ta bar masa sunan. Abin da yake buƙata shi ne layi ɗaya a rubuce, da hatimi, cewa kuskure aka yi.

Takardar da aka rubuta a ƙarshe shafi biyu ce. Ta amsa laifin ranar wasan ƙarshe ba tare da kame-kame ba. Ta faɗa a fili cewa ƙungiyar ba ta neman kofi, ba ta neman a sake wasa, ba ta neman kuɗi. Ta nemi a soke hukuncin farko, a wanke yaron da koci, a lissafa shekara ukun a matsayin cikar hukunci na biyu, kuma duk wanda ya zauna a zaman farko kada ya zauna a wannan. An haɗa da takardun rantsuwa na takwarorin biyu daga kotu, lambobinsu na NIN, shaidar firamare daga hedimasta, da hoton takardar ƙorafin mai kwanan wata. An kai ta kwana takwas bayan sabon sakataren kwamiti ya nuna katunan, an karɓi sa hannu da hatimi a kwafin ƙungiya, an aika wani kwafin ofishin hukumar jiha a Dutse. Samari biyar sun ƙi sa hannu saboda maganar kofi, biyu daga cikinsu sun koma wata ƙungiya.

Kwamiti ya amsa cewa zai zauna kafin a buɗe rajistar gasar bana. Cikin mutum bakwai da ke ciki, biyu tsofaffin hannu ne, ɗayansu ya riga ya fara cewa a bar kaza cikin gashinta. Shugaban ƙungiyar da ta kai ƙorafi ya yarda a gaban hakimi cewa ba ya adawa da a wanke yaron, amma ya ƙi sa hannu a kan cewa ƙorafinsu ya makara, lauyan kuma ya ce a bar masa wannan tunda ba a buƙatarsa. Idan kwamiti ya ƙi, umarnin da aka ba sakataren ƙungiya shi ne kada ya bar wurin sai da ƙin a rubuce da kwanan wata, ya kai shi hukumar jiha cikin kwana bakwai. Lauyan ya gargaɗe su cewa can ma ana iya cewa tsohon hukunci ne aka maimaita, ba sabo ba, a ƙi saurare. Idan aka kai nan, ƙungiyar za ta cika shekara biyun da suka rage, maganar yaron kuma za a ware ta a kai ta daban da sunansa shi kaɗai, tunda haramcinsa ba shi da wa'adin da zai ƙare da kansa.